An Fara Karanta Shimfiɗar Mahaifa Ƙwaya-Ƙwaya, Amma Babu Matan Fagge da Sabon Gari a Lissafin

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, da wuya ka sami mai neman aure a Kano da bai san zancen AA da AS da SS ba. A ɗakunan gwajin jini na Fagge da Sabon Gari za ka tarar da samari da 'yan mata, wani lokaci har da waliyyai, suna zaune a benci suna jiran takarda. Wannan gwaji a kan ƙwayar gado ɗaya tak yake magana, wadda ke haddasa sikila. Duk da haka ya isa ya sa jama'a su yarda cewa akwai wani rubutu a jikin mutum da ido ba ya gani, wanda ke da ta cewa a zaman aure.

Bayan an ɗaura aure an kai amarya, shekara ta zagayo, ta biyu ta bi bayanta, shiru ba labari, a nan ilimin yakan tsaya, hasashe ya karɓa. Uwar miji ta ce mahaifar yarinyar ce ba ta riƙe ciki. Maƙwabciya ta ce sanyi ne. Wani ya ce namijin dare ne, wata ta ce cikin ne ya kwanta. A bakin Kasuwar Abubakar Rimi kuwa, mai magani a bayan mota yana ta lissafo cututtukan mara da lasifika, kwalba ɗaya wai ta kore su duka. Matar da ake maganar ta sha wannan, ta sha wancan, ta sayar da ɗan kunne, kuma har yanzu ba a taɓa duba abin da ake zargin ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata, masu kuɗi da talakawa.

Abin da ake zargin, a mafi yawan lokuta, shi ne shimfiɗar mahaifa, wato fatar nan mai laushi da ta lulluɓe mahaifa ta ciki. Babu wani nama a jikin ɗan'adam da ke irin aikinta. Kowane wata, da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin istrojin yakan sa ta tofo ta yi kauri. Idan ƙwai ya fito, sinadarin furojestaron ya karɓi aiki, ya sa ta fara fitar da ruwan da ɗan tayi zai fara rayuwa a kansa. In ba a sami ciki ba, saman shimfiɗar ya zube, shi ne jinin haila. Ƙasanta yana nan daram, daga shi sabuwa za ta sake tsirowa ba tare da tabo ba. Macen da ba ta yi haihuwa da yawa ba takan maimaita wannan kusan sau 400 a rayuwarta. A cikin kowane zagaye, 'yan kwanaki ne kawai, wajen kwana 6 zuwa 10 bayan fitar ƙwai, shimfiɗar ke yarda ɗan tayi ya manne mata. Kafin lokacin ko bayansa, ko da ɗan tayin lafiyayye ne, ba za ta karɓe shi ba.

Daga madubin likita zuwa karatun ƙwayoyin gado

Ɗaukar samfurin shimfiɗar ba tiyata ba ce. Mace takan kwanta a gadon gwaji, likita ya tambaye ta, "Hajiya, yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" ya rubuta ranar, domin ba tare da ita ba samfurin ba shi da amfani. Sai ya zura wani siririn bututun roba ta bakin mahaifa, ya ja sandar da ke cikinsa baya, ya juya shi a hankali. Mara takan murɗa kamar farkon al'ada, minti ɗaya ko biyu an gama. Abin da ke fitowa ɗan zaren nama ne ja-ja, bai cika ƙaramin cokali ba. A asibitocinmu akan jefa shi cikin kwalbar ruwan magani a tura wa likitan da ke duba nama a ƙarƙashin madubi.

Wannan hanya ta madubi ta daɗe. A 1950 wasu likitoci uku a Amurka, Noyes da Hertig da Rock, suka tsara yadda za a kalli siffar naman a faɗi kwana nawa mace ta yi a zagayenta. Fiye da shekara hamsin ana aiki da ma'auninsu a duk duniya, sai a 2004 bincike ya nuna cewa kallon siffa kaɗai ba ya bambance mai haihuwa da wadda ba ta samu ba. Ido ya kai iyakarsa.

A daidai wannan lokaci ne aka kammala karanta kundin gadon ɗan'adam, a 2003: haruffan DNA kimanin biliyan 3, ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 20,000. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da kundin gaba ɗaya, amma ba duka take aiki da shi ba. Ta ido tana buɗe wasu, ta hanta tana buɗe wasu, ta shimfiɗar mahaifa kuma tana buɗe wasu yau ta rufe su mako mai zuwa. Duk ƙwayar gadon da ke aiki takan fitar da saƙo da ake kira RNA. In ka ƙirga saƙonnin, ka san abin da naman yake yi a wannan rana, ko da siffarsa ba ta nuna komai ba.

Da farko masana suna niƙe naman ne gaba ɗaya su ƙirga saƙonnin a haɗe. Kamar markaɗe ne: in an riga an haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a inji, za ka ji yaji amma ba ka iya cewa wane attaruhu ne ya kawo shi. Abin da ya sauya al'amarin shi ne dabarar ware ƙwayoyin halitta ɗaya-ɗaya, a karanta kowace ita kaɗai. A 2020 masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka, tare da Farfesa Carlos Simón na Balensiya a Sifaniya, suka bi shimfiɗar a tsawon zagayen wata da wannan dabara. Suka gano cewa kwanakin karɓar ɗan tayi ba a hankali suke shigowa ba, kwatsam ne tarin ƙwayoyin gado ke kunnuwa a saman shimfiɗar. A 2021 ayarin Dakta Roser Vento-Tormo a Cibiyar Sanger ta Ingila suka ƙara da nuna inda kowace ƙwaya take zaune a cikin naman da yadda suke aika wa juna saƙo. A 2024 kuma suka haɗa kai da masanan Oxford suka fitar da taswirar da ta fi kowace girma a lokacin, ƙwayoyin halitta 313,527 daga mata 63. Ko samfuri ɗaya daga wani asibitin Najeriya ba ya ciki.

Gwajin da ya riga hujjarsa shiga kasuwa

Ya kamata mai karatu ya san labarin gwajin ERA, domin da irinsa ne wannan ilimi ya fi saurin isowa aljihun mutane. A 2011 masanan Balensiya suka zaɓi ƙwayoyin gado 238 suka ce da su za a gane ko shimfiɗar mace ta shirya karɓar ɗan tayi. Tunanin yana da ma'ana: wataƙila kwanakin wata matar sun sha bamban da na sauran, in aka gane nata sai a dasa mata ɗan tayi a daidai ranar. Asibitocin dashen ciki a ƙasashe da dama suka karɓe shi, mata suka riƙa biyan kuɗi mai yawa a kan kuɗin dashen da dama ya riga ya yi nauyi.

Sai a 2022 aka wallafa babban gwaji a mujallar JAMA ta Amurka. An raba mata 767 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka dasa musu bisa sakamakon ERA, kashi 58.5 cikin 100 suka haihu. Waɗanda aka bi tsarin da aka saba, kashi 61.9. Ma'ana gwajin bai ƙara ko jariri ɗaya ba. Hukumar da ke sa ido kan dashen ciki a Birtaniya ta sa masa jar alama a jerin ƙarin gwaje-gwajen da ake tallata wa masu neman haihuwa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tun da aka haifi jaririyar farko ta hanyar dashe a Ingila a 1978, kuma Dakta Ibrahim Wada ya yi nasarar irin haka a Abuja a 1998, ma'aurata daga Kano suna zuwa Abuja da Legas da Alƙahira da Indiya neman haihuwa. Ɗan kasuwar Kwari ko ɗan canjin Wapa da ya tara kuɗin tafiya ba zai yi musu ba in an ce masa akwai wani gwajin DNA da zai ƙara sa'a. A ganina duk likitan da ya miƙa wa irin waɗannan bayin Allah takardar gwajin nan bai faɗa musu sakamakon 2022 ba, ya ci amanarsu.

Ciwon marar da ake cewa aure zai warkar

Inda karatun ƙwayoyin gado ya fi ba da fata shi ne cutar endometriyosis, wadda nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa: a kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, wani lokaci har a hanji. Kowane wata yakan kumbura ya yi jini a inda jinin ba shi da hanyar fita. Yarinya ta riƙa birgima a ƙasa, tana amai, ta rasa makaranta kwana biyu ko uku. A gida a ce mata haƙuri za ta yi, in ta yi aure ta haihu zai daina. Ta yi auren, ciwon bai daina ba, haihuwar kuma ta ƙi zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa na da cutar, wajen mata miliyan 190.

Shekaru da dama littattafan likitanci suna koyar da cewa cutar ta Turawa ce, ba kasafai take kama baƙar fata ba. Binciken da Farfesa Adeniran Fawole da abokan aikinsa suka wallafa daga Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2015 ya rushe wannan magana. A cikin mata 239 da aka leƙa cikinsu da kyamara saboda wasu matsalolin mata, an sami cutar a jikin kashi 48.1 cikin 100. Cutar tana nan, dubawa ce ba a yi.

A 2023 aka wallafa bincike mafi girma a lokacin a kan gadon cutar, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford: mata 60,674 masu cutar da wasu 701,926 marasa ita. An gano wurare 42 a kundin gado da ke da alaƙa da ita, wasu daga ciki suna da nasaba da yadda jiki ke jin zafi, abin da ya gaskata matan da aka daɗe ana ce musu raki ne. Matan da aka yi binciken a kansu 'yan asalin Turai ne da Gabashin Asiya. Wannan giɓi ba a nan kaɗai yake ba. Lissafin da Farfesa Segun Fatumo, ɗan Najeriya, da abokansa suka fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 86 cikin 100 na mutanen da aka shigar a manyan binciken gado Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 1.1. Alhali kuwa bambancin gado a tsakanin mutanen Afirka ya fi na kowace nahiya yawa.

Illar rashin shiga lissafi ba ta tsaya a takarda ba. A 2016 wani bincike a Sifaniya ya nuna cewa matan da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, jinsin laktobasilas, suka fi rinjaye a shimfiɗarsu sun fi samun cikin da ya tsaya, kuma yanzu ana sayar da gwaji a kan haka. Amma tun 2011 an gano a Amurka cewa baƙaƙen mata da dama, lafiyayyu ƙalau, ba wannan jinsi ne ke rinjaye a gabansu ba. In aka auna matar Fagge da ma'aunin da aka yanka a jikin matan wata nahiya, ana iya ce mata ba ta da lafiya alhali lafiyarta lau, a ɗora ta a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba ta buƙata. Mu kuwa dama shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba ya yi mana katutu. Ko bayan da hukumomin NAFDAC da na masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja a watan Fabrairun 2024, aka tura dillalai Dangwauro, mace na iya shiga kemis ta ce "sanyi ke damuna," a haɗa mata kala uku ba tare da gwaji ba.

Asibitin Zana

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, na'urar da ke karanta DNA ta riga ta shigo Sabon Gari. A Asibitin Zana da ke titin Faransa ana gwajin tarin fuka, wato tibi, da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010. Ma'aikaci ya karɓi kaki a 'yar roba, ya gauraya shi da ruwan magani, ya ɗiga a wani ɗan akwatin roba da ke shiga tafin hannu, ya tura cikin na'urar. Cikin awa biyu ta faɗi ko akwai DNA na ƙwayar tibi, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin.

Tibi ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Takan bi jini ta sauka a hanyoyin ƙwai da shimfiɗar mahaifa, ta toshe waɗancan ta cinye wannan, ba tari ba zazzaɓi. Alamarta sau da yawa ita ce jinin al'ada ya ragu ko ya ɗauke, ciki kuma ya ƙi shiga. Likitoci a Indiya sun daɗe suna sa samfurin shimfiɗa a wannan na'ura. In ta ce akwai, to akwai. In ta ce babu, ba a gama magana ba, domin ƙwayoyin ba su da yawa a naman, sai an haɗa da duban madubi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, Kano kuma tana sahun gaba a jihohi, maganin kyauta ne, kuma in an kama cutar kafin ta yi tabo akwai sauran fata. Wannan shi ne gwajin DNA da ya fi kusa da matar Sabon Gari, kuma ya fi ERA amfani a gare ta nesa ba kusa ba.

Sai dai asibitin nan yana ɗauke da wani tarihin da duk mai son yin bincike a Kano ba zai tsallake ba. A nan ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Yara 200 aka shigar, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma da aka zo biyan diyya sai aka ce sai an yi wa masu nema gwajin DNA. A 2011 ne iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Mutane da yawa a garin nan a wannan shari'a suka fara jin sunan DNA. Tsakanin 2003 da 2004 kuma jihar ta dakatar da rigakafin shan inna saboda raɗe-raɗin cewa yana hana haihuwa. Wanda zai zo yau ya ce wa mace ta ba shi naman mahaifarta a kai ɗakin bincike, ya san ƙasar da yake takawa. In mijinta ko mahaifinta ya tambayi ina za a kai, wa zai ajiye, me za a yi da shi, tambayar hankali ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan gado cikin waɗanda ba a taɓawa sai da kariya ta musamman.

Abin da Kano ke da shi a hannu

Ba daga sifili za a fara ba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, aka wallafa a 2023, ya nuna hanyar rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100. Akwai cibiyar bincike a Kwanar Dawaki da aka gina daga kuɗin sulhun Pfizer. A Ede ta Jihar Osun, ɗakin binciken Farfesa Christian Happi ne ya fara karanta kundin gadon cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020.

Ƙaramar Hukumar Fagge kanta wata dama ce da ba kowane gari ke da ita ba. Fagge tsohon masaukin ayari ne, Hausawa da Buzaye da Barebari da Larabawa. Sabon Gari, da aka kafa wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, ya tara Ibo da Yarabawa da mutanen Edo da na Binuwai da Filato. Mai bincike zai sami wakilcin rabin Najeriya ba tare da ya wuce Bata ba. Ga kuma wani abin da masanan Turai ke wahalar samu: matan da suka yi Islamiyya sun karanta babin haila a Ahalari, suna ƙirga kwanakin jini da na tsarki saboda salla da azumi. Binciken shimfiɗa kuwa a kan sanin ranar zagaye ya dogara. Har ma ba dole sai an zura bututu ba. A Cambridge an raino ƙwayoyin shimfiɗa a kwanon gwaji daga jinin haila, a New York kuma ana gwada gano endometriyosis daga shi.

Sankarar shimfiɗar mahaifa ma, wadda ta bambanta da ta bakin mahaifa, tun 2013 aka gano cewa kashi huɗu ce ta fuskar gado, wani kashin mai sauƙi wani mai tsanani, kuma a 2023 ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta shigar da wannan rabo cikin ma'auninta. A Amurka baƙaƙen mata na mutuwa da ita kusan ninki biyu na farare. Duk matar da jini ya dawo mata bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ta je asibiti a makon, kada ta jira.

Kira na ga Jami'ar Bayero da Asibitin Malam da Ma'aikatar Lafiya ta jiha shi ne su kafa ma'ajiyar samfurin shimfiɗar mahaifa a nan Kano, mai lantarkin da ba ya ɗaukewa, a hannun masananmu. A rubuta takardar amincewa da Hausa da Ajami da Ibo da Yarbanci, a karanta wa wadda ba ta karatu, a gaya mata tana da ikon cewa a'a, kuma in an sami sakamakon da ya shafi lafiyarta a kira ta a faɗa mata.

Ke kuma 'yar'uwa da ke cikin wannan jarrabawa, kafin ki biya kuɗin kowane gwaji mai dogon suna, ki nemi likitan mata ya duba hanyoyin ƙwai, ki faɗa masa in an taɓa yi miki wankin ciki, domin kankarar da ta yi zurfi na iya barin tabo a shimfiɗa, ki kuma faɗa masa in akwai mai tibi a gidanku. Kai kuma maigida, a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akwai matsala ta ɓangaren namiji. Gwajin maniyyi ba shi da tsada, ba shi da zafi, a rana ɗaya ake gamawa. Ka raka ta asibiti, kuma a fara da kai.